Kasala nake ji, amma lazy kawai na sani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Kwanaki na je ganin likitan da ba ya jin Hausa, ina so in ce masa kasala ke damuna jikina duk a mace, sai na ce masa I am lazy, ya yi murmushi kawai bai ce komai ba, ni kuma sai na ji kamar na yi kwaɓa. Wace kalma ya kamata in faɗa?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya abin ya taɓa ni, domin laifin da ba ki yi ba kika ɗora wa kanki. Lazy ai rago ke nan, mai ƙyuya, yana da ƙarfin aikin amma ya ƙi yi, zargi ne a kan halin mutum ba ciwo ba. Kalmar da kike nema ita ce lethargic, ita ce kasalar nan da jiki zai yi nauyi, ba aikin da kika yi amma tashi ma sai kin yi da gaske, kuma likita na jin ta zai fara tunanin ƙarancin jini ko rashin barci ko wata cuta da ke ɓoye. Kalmar daga Girkanci ta fito, lethe, wato mantuwa. In ta yi miki nauyi a baki ki ce I have no energy, ya isa, zai gane.

Tired gajiya ce ta bayan aiki, in ta kai kin galabaita sai exhausted. Sluggish kuma nawa, har kwamfuta in tana jan ƙafa ana ce mata haka.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne in matsalar a zuciya take ba a jiki ba. Listless sanyin jiki ne na wanda sha'awar komai ta fita ransa, kamar yaron da zazzaɓi ya kwantar ko wasa ba ya so, don list a tsohon Turanci sha'awa take nufi. Apathetic ta fi ta tsanani, halin ko-in-kula ke nan, mutum lafiyarsa ƙalau amma abin bai dame shi ba, shi ya sa ake cewa voter apathy in jama'a sun ƙi fita zaɓe.

Don Allah ki koma wajen likitan nan ki ce masa I feel lethargic, ki faɗa masa tun yaushe abin ya fara.