Amsa ga ƙanina mai son zuwa Jamus karatun netwok

Wa alaikumus salam ƙanina, saƙonka ya iso kuma na karanta shi har ƙarshe. Kace ka gama injiniyan lantarki, ka gama bautar ƙasa a Abuja, wani ƙaramin kamfanin kwangila ya kiraka aikin diraib tes, wato zagayen awon sabis da mota, amma albashin bai taka kara ya karya ba, su Baba kuma suna shawarar a sayar da filin Rikkos a Jos a turoka Jamus yin mastas tunda ance ana neman masu tsara sabis ɗin waya anan. To ni dai shawarata ka karɓi aikin nan, fili kuma a ƙyale shi tukuna. Ba wai hanaka fitowa nake ba, wallahi inaso ka zo, amma so nake ka zo da sana'a a hannunka ba takarda kaɗai ba.

Bari in faɗa maka dalili, don aikin nan da kake rainawa shi ne tushen komai. Za a baka mota da laftof da wayoyi uku ko huɗu a ɗaure da GPS, ka kunna manhajar awon sabis irin TEMS ko Nemo, ka yini kana zagaya unguwanni ana naɗar ƙarfin sabis taku bayan taku. Akwai gajiya, akwai rana, akwai masu tsaro da zasu tsayar da kai su tambayi me kake ɗauka, don haka kada ka taɓa fita babu katin aiki da takardar kamfani a aljihu. Amma anan ne idonka zai buɗe. Mafi yawan yaran da nake gani suna wannan aiki, su naɗo bayanan su turawa oga su je su kwanta. Kai kada kayi haka. Kowane dare ka buɗe abinda ka naɗo, inda taswira tayi ja ka tambayi kanka me ya sa, ka kira wanda ke gyaran ka tambaye shi me ya taɓa, gobe in ka koma wajen ka duba ko gyaran ya ci.

Matsalar sabis iri biyu ce kuma mutane haɗa su suke yi. Akwai rashin isa, wato sigina bata kai wajen ba sam, akwai kuma rashin ɗauka, sigina ta kai amma jama'a sun fi ƙarfin ƙarfen sabis ɗin, wato dogon ƙarfen da ake ɗora eriya. Ka tsaya Taminus a Jos da azahar zaka ga sandunan sabis a cike amma WhatsApp ya ƙi tafiya, mai POS yana ta ɗaga na'ura sama kwastoma na jira. Wannan ba ƙara ƙarfin eriya ne maganinsa ba. Sekta ɗaya (wato ɓangare ɗaya da eriyar ƙarfe ke fuskanta) ta 4G mai faɗin megahaz 20, iyakar abinda zata bayar a takarda wajen megabit 150 ne a daƙiƙa in eriya biyu ce, kuma duk mutanen dake ƙarƙashinta shi suke rabawa, na nesa ma yafi na kusa cinye rabon saboda sai an yi ta maimaita masa. Sai dai a ƙara wani zangon mitar rediyo (wato frequency) a kan wanda ake da shi, ko a raba sektar biyu, ko a kafa sabon ƙarfe, ko kuma ka bincika ka tarar ba ma rediyon bane, layin maikurowef ko faibar dake kwashe data daga ƙarfen ne ya cika. Kana Abuja ka ga Mararraba da Nyanya, da safe duk lodin yana bin titi zuwa AYA, da rana ya koma Wuse da Sakatariya, da daddare ya dawo gida. Mai tsarawa dole ya san inda mutane suke kwana da inda suke yini, ba taswirar tudu da kwari kaɗai ba.

Jos kuwa, ni ban ga makaranta irinta ba a wannan fanni. Gari ne a kan tudu wajen mita 1,200, ga duwatsu a tsakiyar unguwanni, ga Dutsen Shere da ya haura mita 1,800. Sabon shiga gani yake in aka kafa ƙarfe a kan tudu an gama, kowa zai samu. Abinda ke faruwa shi ne sigina ta tsallake mutanen dake gindin dutsen ta je ta sauka wata unguwa can nesa, ta shiga cikin ta wani ƙarfen su riƙa dagula juna, sai ka ga RSRP, wato ƙarfin sigina, mai kyau wajen -85 amma SINR, wato tsaftar siginar, ya faɗi kusan sifili, waya tana ta tsalle daga wannan ƙarfe zuwa wancan har kira ya yanke. Kamar tocila ce, in ka miƙe ta sai ta haska bangon maƙwabci ƙafarka na cikin duhu. Maganin sau da yawa digiri biyu ne ko uku, a sunkuyar da eriyar ƙasa kaɗan ko a juya fuskarta, shi kenan unguwa guda ta samu sauƙi. Ranar da ka fara bada shawarar irin wannan da kanka, aka yi, ka koma ka auna ka ga jan ya koma kore, ranar ka zama injiniyan rediyo. Sannan ga irin su Gangare da Unguwar Rogo, gidaje a manne, rufin kwano, lungu ba ya shiga da mota, dole ka sauka ka taka da ƙafa da waya a hannu. Lissafin Okumura da Hata da aka koya maka a aji, na hasashen nisan sigina, a Tokyo aka yi awonsa tun shekarun 1960, bai san lungun Gangare ba, awon da kai ka yi ne ake gyara lissafin da shi a cikin Atoll, manhajar tsara netwok.

Ka riƙe wannan ma don ana tambayarsa a intabiyu: ƙaramar mita tafi nisa da ratsa bango, babbar mita tafi ɗaukar kaya. Tsakanin megahaz 800 da 3,500 akwai asarar ƙarfin sigina kusan dB 13 (dB shi ne ma'aunin) tun kafin sigina ta gamu da bango ko bishiya, kuma kowane dB 3 rabin ƙarfi ne ya tafi. Shi ya sa da MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu a gwanjon NCC na Disamban 2021 don samun megahaz 100 a zangon 3,500, kowa a harkar ya san 5G ɗin nan a manyan birane zata fara, ƙauyukan Bassa da Riyom kuwa ƙaramar mita ce gatansu.

Yanzu batun nan Jamus. Gaskiya akwai aiki, amma ba irin yadda ake faɗa maka ba. Kamfanonin dake da netwok nasu huɗu ne, Telekom da Vodafone da O2 da 1&1, ukun farko sun kashe 3G tun 2021, kuma yawancin aikin fili ƴan kwangila suke ba wa. Zagaye da mota ya ragu sosai, yanzu wayoyin mutane da su kansu ƙarafan ne ke turo rahoto, eriya ma daga ofis ake sunkuyar da ita ba sai an hau ba, wani gyaran ma manhaja ce ke yi da kanta. Don haka wanda ake nema shi ne wanda ya san rediyo kuma ya iya tace bayanai masu yawa. Ka fara koyon yarukan kwamfuta Python da SQL tun yau, ka ƙware a Excel da QGIS, manhajar taswira wadda kyauta ce. Sannan in duk gogewarka a kayan Huawei ce, kayi ƙoƙari ka taɓa na Ericsson ko Nokia, don a 2024 gwamnatin nan ta cimma matsaya da kamfanoni cewa za a cire kayan Huawei da ZTE daga tsakiyar netwok ɗin 5G zuwa ƙarshen 2026.

Matsalolinsu ma daban ne da namu. Babu zancen dizal ya ƙare ko an sace batir, amma tagogin sabbin gidajensu masu riƙe ɗumi suna tare sigina, ga jiragen ƙasa masu gudu, ga kafa ƙarfe ɗaya sai a daɗe ana jiran izini, sai hukumar Bundesnetzagentur mai kula da sadarwa ta bada takardar shaida, sai ƙaramar hukuma da mai gini sun yarda. Kuma duk wannan takardu da Jamusanci ake yinsu. Kada wani ya ruɗe ka da cewa Turanci ya isa, ya isa a aji, amma a wajen neman aiki wanda ya kai matakin Jamusanci na B1 ko B2 shi ake fara kira. Na ga masu mastas da sakamako mai kyau suna ɗaukar kaya a sito saboda ba harshe ba gogewa, abun yana min ciwo ƙwarai.

Kuɗi kuma. Yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta sai ɗan na zangon karatu, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, jami'ar fasaha ta Munik ma ta fara karɓa a 2024. Ka duba RWTH Aachen da TU Ilmenau, suna da mastas na sadarwa da Turanci. Babban nauyin shi ne asusun da ake kullewa kafin a baka biza, tun Satumban 2024 Yuro 11,904 ne na shekara ɗaya, ana sakar maka 992 duk wata, a ciki zaka biya ɗaki da inshorar lafiya da abinci, ka riƙa duba shafin ofishin jakadanci don adadin yana canzawa. Ka buga shi da canjin yau ka gani ko filin zai kai, kuma shekara ɗaya ce fa, karatun biyu ne. An yarda ɗalibi yayi aiki kwana 140 a shekara, bayan kammalawa kuma ana bada wata 18 na neman aiki. Lasin tuƙinmu wata shida kacal yake aiki, daga nan sai ka sake jarabawa da kuɗi masu yawa. Ejan kuwa kada ka ba kowa ko kwabo, da kanka zaka nema ta uni-assist, shafin neman gurbin karatu, ko shafin jami'a, ka kuma gwada tallafin DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, wasu shirye-shiryensu ma sai mai gogewar aiki ta shekara biyu suke ɗauka, kaga aikin nan ya ƙara maka wata ƙofa kenan.

In kayi shekara biyu ko uku ka tashi daga zagaye ka koma teburin gyara, kana tara ɗan abinda ya samu kana karatun harshe da daddare, to ko karatu ka zo zaka samu aikin ɗalibi a fanninka maimakon sito, wataƙila ma kai tsaye aiki ya kawo ka.

Kafin ka fara, in ka je Jos ƙarshen mako ka sauke manhajar awon sabis ta G-NetTrack a wayarka, ka hau keke daga Taminus ka bi Bauchi Road har Farin Gada, sau ɗaya da sassafe sau ɗaya da yamma. Ka turo min abinda ka naɗo tare da bayaninka na inda sabis ya faɗi da abinda kake zargi, sai mu duba tare ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku. Maganar fili kuma ka bar min, zan kira Baba da kaina in masa bayani.