Tambaya da Amsa: Wace Irin MP3 Ta Dace da Hajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta manyanta, idonta ya yi rauni, kuma wayar shafa tana rikita ta. Tana son karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin bege, tana kuma sauraron Zuria FM. Ina so in saya mata abin sauraro kafin azumi. Na shiga kasuwar Kejetia a nan Kumasi na ga iri-iri har na rasa na ɗauka. Wanne ya dace da ita?
Daga wata mai karatu a Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki bar ƙananan nan masu kamar akwatin ashana da ake ji da iyafis, na matasa ne. Abin da ya dace da ita shi ne rediyo mai cin memori, wadda ke da lasifika a jikinta da manyan madannai da yatsa zai gane ko babu fitila.

Fara duba madannan. Nemi wadda ke da lambobi daga 0 zuwa 9 a fuskarta. Amfaninsu babba ne: in Hajiya tana son Yasin sai ta danna 36, in Tabaraka ce 67, ran Juma'a kuma 18 don Kahfi, ba sai ta yi ta danna "gaba" sau talatin ba. Ƙarar murya kuma gara mai ɗan gargare da ake murzawa. Wasu kamfanoni suna haɗa ƙara murya da tsallake waƙa a madanni ɗaya, in an danna an saki ya tsallake, in an riƙe ya ƙara murya. Wannan yana wahalar da tsofaffi ƙwarai, suna tsakiyar sura sai su tsinci kansu a wata.

Abu na biyu, kuma shi mutane suka fi mantawa: ko tana tuna inda aka tsaya. Zaman tafsiri ɗaya yakan kai awa guda ko fiye. In an kira salla Hajiya ta kashe, ta dawo ta kunna, ya kamata malam ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da yawa daga masu araha suna komawa farkon karatun. Ba a gane wannan daga kwali. Ki tafi da memorinki mai ɗauke da karatu, ki sa a gaban mai shago, ki bari ya yi minti biyu, ki kashe ki kunna. In ya koma farko, ajiye ta ki nemi wata.

Sai batir. Ki ce a buɗe miki bayanta. In kin ga batir mai faɗi irin na tsohuwar Nokia, wato BL-5C, ko dogo mai kamar gora da ake kira 18650, to madalla, ranar da ya mutu za a sami wani a Adum ko Kejetia a sauya. Wadda aka rufe batirinta a ciki, ranar da ya gaji sai an kai wa mai gyara. BL-5C na gaske ƙarfinsa wajen 1,000 mAh ne, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. 18650 ya fi shi daɗewa, abin da ake so ke nan ranar da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya yi tsawo, amma na kirki ba ya wuce wajen 3,500. Duk wanda kika ga an rubuta masa 9,900, rubutu ne kawai, sau da yawa ma in kin ɗaga sai ki ji ba nauyi.

Ki ja eriya ki kama FM a nan cikin shagon, ki ƙure murya ki ji ko lasifikar tana karkarwa. Murya mai tsabta ta fi mai ƙarfin dum-dum amfani ga mai sauraron karatu. In Hajiya tana bin labaran BBC Hausa, tabbatar akwai gajeren zango, za ki ga an rubuta SW.

Kada ki kai mata ita wayam. Ki zuba komai a memori, ki cika batir, ki zauna ki nuna mata madannai uku kacal: kunnawa, sauyawa tsakanin rediyo da memori, da lambobi. Ɗan ɗigon jan farce a kan madannin kunnawa yana taimakon mai raunin ido.

TAMBAYA: Na sayi memori mai giga 64 na zuba waƙoƙi da karatu. Rediyona ta ƙi karanta shi sam. Na sa a ta abokina ya yi, amma surorin sun cakuɗe, wasu waƙoƙin ma sun ɓace. Mene ne matsalar?
Daga wani matashi a Asawase

AMSA: Ɗan'uwa, matsala uku ce ka haɗa a tambaya ɗaya.

Ta farko, tsarin katin. Memori daga giga 32 zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin FAT32, daga 64 zuwa sama kuma exFAT. Yawancin rediyoyin nan FAT32 kaɗai suka sani. Mai kwamfuta zai iya mayar maka da shi FAT32, amma ka kwashe kayanka tukuna, don aikin yana goge komai. A ganinmu ma ba ka bukatar 64. MP3 mai ingancin 128 kbps tana cin kusan mega ɗaya a minti, don haka giga 16 zai ɗauki sauraron sama da awa 250. Alƙur'ani sauka guda a wannan ingancin yawanci ba ya wuce giga 2 zuwa 3.

Ta biyu, cakuɗewar surori. Rediyon ba ta karanta sunan sura, tana bin jerin da aka zuba su ne a katin. Goge katin, ka sa wa kowace sura lamba mai gurbi uku a farkon sunanta, 001, 002, har 114. In ka rubuta 1, 2, 10, wasu na'urori za su kawo 10 kafin 2. Sannan ka fara zuba Alƙur'ani shi kaɗai, a jere, ka bari ya gama shiga kafin ka ƙara tafsiri da waƙoƙi. Haka ne zai sa lambar da aka danna ta yi daidai da lambar sura.

Ta uku ita ce mai ciwo. Ɓacewar waƙoƙi alama ce ta memorin jabu: an rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Da ka wuce ainihin girmansa, abin da ka ƙara sai ya lalace. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada tun ranar saye, kuma ka riƙe rasit. Wani abin lura: wa'azin da aka turo a saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, Opus ne, sai an juya shi kafin rediyo ta karanta.

TAMBAYA: Ina son saya wa ɗana ƙaramar MP3 don haddarsa, ba na so in ba shi waya yanzu. Wani ya ce in nemi iPod na hannu.
Daga wani uba a Tafo

AMSA: Malam, ba mu ba ka shawarar iPod ba. Apple ya daina yin sa tun 2022, duk wanda za ka samu batirinsa ya tsufa, ba ya cin memori, kuma yawanci zuba masa karatu sai da kwamfuta da manhaja ta musamman. Nemi ƙarama mai ɗan allo, mai ramin memori da ramin iyafis na milimita 3.5. Don hadda, duba wadda ke da maimaici na A-B: yaro ya sa alama a farkon aya da ƙarshenta, ta yi ta maimaita masa har ta zauna.

In za a yi amfani da iyafis maras waya, ka tambaya ko Bluetooth ɗinta mai aikawa ne. Na jikin yawancin lasifikoki karɓa kawai yake yi daga waya. Gwada da iyafis ɗin a shago. Kuma ka ja masa kunne kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100, musamman a cikin trotro, wato motar haya, inda hayaniya ke sa mutum ya ƙure.

TAMBAYA: Sabuwar MP3 ɗina ta ƙi yin caji da cajar wayata, ga shi bakinsu ɗaya.
Daga wata mai karatu a Sawaba

AMSA: Da wuya a ce ta lalace. Wasu masu araha suna da bakin USB-C amma ba sa jan wuta daga igiyar da bakinta biyu duk USB-C ne. Sa igiyar da ta zo a kwalinta, mai faffaɗan kai a gefe ɗaya, da kan caja na volt 5. In har yanzu shiru, haska ramin da tocila, ƙurar hunturu takan toshe shi. A share da tsinken sakace, ban da allura. In kuwa kin ga bayanta ya kumbura, daina caji nan take ki mayar wa mai shago, batirin ne ya lalace kuma yana iya kama wuta.