Ina son karatun muhalli, Baba ya ce ba ya kawo abinci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama sakandare a Jidda, raina na kan kimiyyar muhalli a Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Baba ya ce karatun dashen itace ne, ba ya kawo abinci. Mu kuma baƙi ne a Sa'udiyya, iƙama, wato takardar izinin zama, gare mu. Yaya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaida Baba, ka ce masa aikin ya wuce dashen itace. Ruwan da kuke sha a Jidda daga Bahar Maliya ake tace shi, a tashoshi irin na Shu'aiba, kuma sai wani ya ɗebo shi a kwalba ya auna gishirinsa da sinadarin da ke ciki. Masana'antun Yanbu da Jubail dole su nuna wa hukuma abin da ke fita daga bututun hayaƙinsu. Sharar Mina ranakun aikin Hajji ma akwai masu tsara inda za ta. A 2021 gwamnati ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa biliyan 10, a Disamba 2024 kuma Riyad ta karɓi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada. Aiki akwai shi.

Amma damuwar Baba tana da tushe, kuma iƙamar nan ce tushen. Guraben ma'aikatar muhalli da cibiyoyinta 'yan ƙasa ake ba wa fifiko, kamfanoni ma akwai kason Sa'udiyawa da aka ɗora musu. Shiga jami'ar gwamnati kanta galibi ta hanyar tallafin da ake ware wa baƙi mazauna ƙasar ce, don haka ka fara bincika wannan tun kafin ka sa rai.

Idan ka samu, kada ka fito da takardar digiri kaɗai. Ka zauna a ɗakin gwaji har hannunka ya faɗa a kan gwajin ruwa da ƙasa, ka iya zanen taswira da kwamfuta, ka gyara Turancinka domin da shi ake rubuta rahoto a manyan kamfanoni. Takardar NEBOSH ta kiyaye lafiyar ma'aikata tana buɗe ƙofa a wuraren gine-gine. Wannan ilimi kuma ko gida ka koma, Najeriya ko Nijar, inda hamada ke cin gonaki, ba zai bar ka zaune ba.

Tambaya: Malam, 'yata ce za ta fara wannan fanni. Wace kwamfuta zan saya mata?

Amsa: Hajiya, kada mai shago ya ruɗe ki da kyan jiki. Ki nemi mai Windows, RAM mai GB 16, da ma'ajiyar SSD, saboda ArcGIS Pro, manhajar zanen taswira, a kan Windows yake aiki. QGIS kuwa, shi ma na zanen taswira, kyauta ne, kada ki biya kowa ko riyal ɗaya a kansa. In ta hannu ce, a gwada batirin a gabanki kafin ki miƙa kuɗi.