Kwana Biyu a Birnin Panama: Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Panama sarin kaya a kasuwar Colón, kuma zan sami kwana biyu a babban birnin kafin in juyo. Me ya kamata in gani ban da manyan kantuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kantunan kam ka ga waɗanda suka fi su a Dubai, bar su kawai. Safiyar farko ka nufi Miraflores, inda ƙofofin mashigin ruwan Panama suke, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba daga tsakiyar gari. Sai dai ka tambayi lokacin wucewar jirage tun kana masauki. Masu shigowa daga tekun Fasifik da sassafe suke bi, masu fitowa daga Atilantika sai yamma, da tsakar rana kuwa sau da yawa ruwa kawai za ka tarar kwance.

In ka dace, za ka ga jirgi mai tsawon unguwa guda ya shiga wani ɗakin kankare, an rufe masa ƙofar ƙarfe, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa ta ƙasa yana ɗaga shi a hankali kamar ƙwarya a cikin randa. Ba famfo ke turo ruwan ba, gangarowa yake daga tafkin Gatún mai tudun mita 26 sama da teku. Shi ya sa fari ya tilasta rage yawan jirage a 2023. Ka lura da ƙananan jiragen ƙasa masu lantarki da ke gefe suna riƙe da jirgin da igiyoyin ƙarfe don kada ya gogi bango. Mutanen wurin "mulas" suke ce musu, wato alfadarai. An buɗe mashigin a 1914, Amurka ta riƙe shi har 31 ga Disamba 1999, aka ƙara sabbin ƙofofi masu faɗi a 2016.

Da la'asar ka sha iska a titin Amador, wanda aka cike teku aka shimfiɗa da duwatsun da aka haƙo daga mashigin.

Rana ta biyu ta tsofaffin garuruwa ce, kuma biyu ne, kada direba ya ruɗa ka. Panamá Viejo shi ne na asali, Sifaniyawa suka kafa shi a 1519. A 1671 ɗan fashin teku Henry Morgan ya auka masa, garin ya ƙone, yau sai kufai da doguwar hasumiyar coci da ake hawa. Awa ɗaya ta ishe ka. Waɗanda suka tsira suka sake gini a 1673 a wani ɗan yanki mai ganuwa da ya kutsa cikin teku, shi ne Casco Viejo. Nan ne za ka daɗe. Lunguna ne matsattsu, gidaje masu baranda, wani an yi masa sabon fenti, na kusa da shi kuwa bishiya ta tsiro a tagarsa. A cocin San José akwai bagade, wato wurin ibada na gaban coci, mai ruwan zinariya da ake cewa wani limamin Kirista ya shafe shi da baƙin fenti ya ɓoye wa Morgan. Masu yi wa baƙi jagora na son labarin, ni dai almara na ɗauke shi. Kada ka zarce da ƙafa cikin unguwar El Chorrillo da ke maƙwabtaka, musamman da dare.

Abincin rana ka ci a kasuwar kifi ta Mercado de Mariscos da ke bakin Casco. Akwai soyayyen kifi da ayaba, akwai "ceviche", ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a ruwan lemun tsami da albasa. A sauran gidajen abinci ka riƙe kalmar "cerdo", naman alade ke nan.

Ba sai ka yi canji ba, dalar Amurka ake kashewa, sai dai a ba ka canjin silallan balboa. In tafiyar ta faɗo tsakanin Mayu da Nuwamba, ka sa lema a jaka, don ruwan yamma ba ya sallama.