Tambaya da Amsa: Rake da goro ne suka koya wa dokina cizo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ingarma guda ɗaya a gida nan Rigasa, da shi nake zuwa hawan Sallah a Zariya. Kullum in zan dawo daga kasuwa sai na tsaya na riƙo masa rake ko dabino, wani lokaci ma in ɓantara masa goro dan naga yana so. Toh yanzu da ya hango ni sai ya hau cusa baki a aljihuna, shekaranjiya har ya cafki hannun ƙanina. Yaron dake kula da shi yace in daina gaba ɗaya wai ni nake lalata shi, shi kuma abokina dake zuwa filin folo na Murtala Square yace su karas suke ba nasu kuma ba komai. Dan Allah wanne zan bi?
Daga wani mai karatu, Rigasa, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba ƙanin naka lafiya. Dukansu biyun suna da gaskiya, amma yaron bargar ya fi kusa da matsalarka, shi ke kwana da dokin ai.

Cizon nan ba mugunta bace, kai ka koya masa. Doki dabba ce mai saurin haɗa abu da abu, ya gane cewa duk sanda ya tura ka da baki wani abu mai zaƙi zai fito daga aljihu, toh me zai hana ya tura? Ranar da ƙaninka yazo hannu rabbana shi kuma yana jiran rabonsa, sai ya nema da haƙori. Balle ingarma, wanda dama ko ba rake wasansa da baki ne, kuma kasan yawancin dawakan da muke ɗaurewa a turke a nan arewa ingarmu ne. Dan haka ka dakatar da bayarwa da hannu kwata-kwata na ɗan lokaci, kowa a gidan har yara, in zaka bashi abu ka jefa a cikin bokitin da yake cin dusa. In ya cusa kai jikinka kar ka mare shi a fuska, sai ya koma tsoron hannu ka rasa yadda zaka sa masa linzami, kawai ka ture kan ka matsa gefe kar ya samu komai. Idan ya natsu nan gaba kana so ka koma bashi da hannu, sai lokacin da ya tsaya cak ya kau da kai, tafin hannu a buɗe yatsu a miƙe, kuma bayan yayi wani abin kirki, misali ya tsaya an wanke shi ko ya ɗaga ƙafa an duba kofato.

Sai maganar abin da kake bashi, nan ne na fi damuwa gaskiya. Goro ka daina yau ɗin nan. Nasan akwai masu yi musamman ana gobe hawa wai doki yayi zafi, amma sinadarin kafin (caffeine) dake cikin goro bugun zuciya yake ƙara masa da firgita, kuma a gasar dawaki ta duniya in aka gwada aka samu a jikin doki ana iya soke sakamakonsa. Cakulan ma ajinsu ɗaya. Haka kuma kar ka bashi albasa, ɗanyen dankalin turawa, fiya (avocado), kabeji, burodi, da duk wani hatsi da yayi hunhuna, ita masara mai hunhuna har ƙwaƙwalwar doki take taɓawa. Abincin kaji kuwa kar ma ya kusanci barga, wasu ana sa musu maganin da kaji ke ɗauka lafiya amma kaɗan daga ciki ya isa kashe doki.

Dalilin wannan takatsantsan shine doki baya amai, abin da ya shiga ya shiga kenan, kuma duk girman nan nasa tumbinsa bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, an yi shi ne dan cin ciyawa kaɗan-kaɗan wuni guda. Zaƙi in yayi yawa yana kawo murɗawar ciki ko ciwon kofato, kaga doki ya tsaya yana tura ƙafafun gaba yana tsoron takawa.

Rake ba guba bane, kuma nasan yadda na Maƙarfi ke cika gari in sanyi ya shigo, amma a fere shi a yanka ƙanana, gaɓa ɗaya ta isa. Dabino biyu ko uku a cire ƙwallon. Karas ɗin abokinka shi ya fi, ɗaya ko biyu a rana, a tsaga shi a tsaye dan in aka yanka shi dunƙule-dunƙule yana iya maƙalewa a maƙogwaro. Kankana da ayaba ma yana ci. Wanda yayi ƙiba ko ya taɓa ciwon kofato a bar shi da harawarsa kawai.

Kuma kar tsarabar ta ci gurbin abinci, doki mai kilo 400 yana buƙatar wajen kilo 6 zuwa 8 na ciyawa da harawa a rana, ga ruwa wadatacce da ɗan gishiri ko kanwa daidai misali. In kaga yana birgima yana waiwayen cikinsa yana gumi, ko abinci na fito masa ta hanci, janye abincin ka kira likitan dabbobi nan take, kar a tsaya ɗure. In abin yafi ƙarfin na kusa akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.