Hayaƙin Waya, Dalmar Batir Da Tsohuwar Kwamfuta: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon duk a kan tsofaffin kayan lantarki suka faɗa, waɗanda 'yan gwangwan ke saye a unguwanni da waɗanda muke jibgewa a bayan ɗaki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani kaso na sauran yana ƙarewa ne a hannun mutane irin waɗanda suka rubuto mana.

Tambaya: Likita, ni matashi ne, ina sana'ar gwangwan a wajen Ƙofar Ruwa a Kano. Muna ƙona wayar wuta don mu cire jan ƙarfen ciki. Yanzu tari ya matsa mini, ƙirjina na zafi, idanuna kullum jajur. Maigidana ya ce in riƙa shan madarar gwangwani bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, babu inda za su haɗu. Manja ma haka. Robar da ke jikin waya, wadda ake kira PVC, idan ta ci wuta tana fitar da iska mai asid, ita ce ke ƙona maka ido da maƙogwaro. Tana kuma fitar da wata guba mai suna dayoksin, wadda ba ta nuna kanta a ranar, sai dai ta taru a kitsen jiki shekara da shekaru, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci toka kawai yake ragewa.

Ka je asibiti a saurari ƙirjinka. Idan tarin ya wuce mako biyu, ka nemi gwajin tarin fuka, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Ba zan ce ka bar sana'arka ba, da ita kake ci. Ƙonawar nake roƙon ka bari. A feɗe waya da wuƙa ko da ƙaramin injin feɗewa. Aikin ya fi cin lokaci, amma ƙarfen yana fita da haskensa, ba baƙi ƙirin ba. Ka sa safar hannu da takalmi mai rufi, kuma tunda kullum cikin yankan ƙarfe kake, ka karɓi allurar tetanus.

Tambaya: Likita, ni matar aure ce a Kurna. Maigida yana sayen matattun baturan mota da na sola, yana fasa su a zaure ya zubar da ruwan, wani lokacin ya narkar da dalmar a kan gawayi. Ɗanmu mai shekara uku ba ya cin abinci, yana yawan kukan ciwon ciki, kuma har yanzu bakinsa bai buɗe sosai ba. Ni ma ina da juna biyu. Ko akwai alaƙa?

Amsa: Malama, tambayarki ce ta fi tayar mini da hankali, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Ba zan iya yanke hukunci a kan yaro daga nesa ba, amma abin da kika lissafa ya isa a gwada jininsa don neman gubar dalma, kuma cikin makon nan.

Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa yaro ya tofar. Ƙura ce mai laushi da ke kwanciya a ƙasan zaure, a kan tabarma, a bakin randa, a jikin rigar maigida da tafin takalminsa. Yaro ya yi rarrafe ko ya zauna wasa, ya ɗauki ƙosai da hannun nan ya kai baki. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai zuƙa, kuma ƙwaƙwalwarsa da ke cikin girma ita ce take fara taɓawa. Daga nan ake samun jinkirin magana, rashin riƙe karatu, ƙarancin jini, taurin bayan gida da yawan rigima. Idan ta yi yawa sai amai, farfaɗiya, suma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma idan gwaji ya kai 5 a ma'aunin da ake amfani da shi, dole a nemo inda take fitowa a toshe.

Mu 'yan Arewa mun ga wannan da idonmu. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, yara kimanin 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema, kuma da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Maganin da likitoci suka ba yaran, mai jawo dalma daga jini, bai yi amfani mai ɗorewa ba sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

Ke ma ki faɗa wa masu awo abin da ake yi a gidan. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri, tana iya jawo ɓari, haihuwa kafin lokaci, ko hawan jini ga mai ciki. Ki kai yaron wajen likitan yara, a Asibitin Hasiya Bayero ko Asibitin Malam Aminu Kano, ki ambaci sana'ar mahaifinsa tun kafin a tambaye ki.

A gida kuma, aikin nan ya fita daga zaure gaba ɗaya. Ki samu maigida cikin lalama, ko ki sa wanda yake jin maganarsa, domin shi ma ƙodarsa da jininsa da haihuwarsa suna cikin haɗari. Ya sayar da baturan yadda suke, ba a fasa ba, ga masu kai su kamfanin da ke da lasisin NESREA, hukumar da ke kula da bin dokokin muhalli. Ya canza kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, a wanke kayan aikinsa daban. Kada ki share zauren da tsintsiya a bushe, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. A wanke hannun yaro kafin ya ci komai, a ba shi wake, zogale, hanta, kifi da nono, domin yaron da ke da ƙarancin jini ya fi zuƙar dalma. Tunda mun zo nan, kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai shi ma sau da yawa dalma ce, a daina.

Tambaya: Batirin wayata ya kumbura har ya ɗaga murfi. In jefa shi a bola ko a masai?

Amsa: Ko ɗaya. Batirin litiyam da ya kumbura yana iya kamawa da wuta idan aka matse shi, aka huda shi, ko ya sha rana, kuma bolarmu dama ƙona ta ake yi. Ka daina cajin wayar, kada ka kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ka kai wa mai gyara a Farm Centre ko Beirut Road ya cire, a liƙe bakin batirin da salatif, a ajiye shi cikin gwangwani mai yashi a inuwa har a miƙa wa masu tattarawa.

Iyaye kuma ku kula da ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo na agogo da rimot. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. A garzaya asibiti nan take, kada a sa shi amai. Idan ya haura shekara ɗaya, a ba shi ƙaramin cokali biyu na zuma duk minti goma a kan hanya, amma kada neman zuma ya jinkirta tafiya.

Tambaya: Ina da ƙaramin ɗakin gwajin jini a Tarauni. Mun sauya kwamfutoci, wani yana son sayen tsofaffin. Na goge fayilolin, ya isa?

Amsa: Alhaji, bai isa ba. Gogewa ta yau da kullum sunan fayil kawai take cirewa, wanda ya san aiki zai dawo da shi da manhajar da ake samu kyauta a intanet. Ka tuna abin da ke ciki: sakamakon gwajin ƙanjamau, na ciwon hanta, na ciki, na jinotayif kafin aure, da suna da lambar waya. A garin nan fitar takarda ɗaya irin wannan tana iya kashe aure ko ta hana shi. Amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa.

Ka kwashe abin da kake buƙata zuwa sabbin na'urorin. Sannan ka sa a cire hadis ɗin kowace kwamfuta (wato hard disk, inda take adana bayanai) a gabanka, a huda shi da injin huda a wurare da dama; idan sabon samfurin nan ne na SSD, a farfasa ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allonsa. Ka rubuta lambar kowanne da ranar da aka lalata shi. Gangar jikin ka sayar ko ka ba makaranta, su sa sabon hadis. Wayoyin ofis a cire layi da memori, a fita daga asusun Google da WhatsApp, a mayar da su yadda suka fito daga kamfani. Tsohon allon kwamfutar nan mai ƙusumbi kuwa kada a bar yara su fasa shi, gilashinsa akwai dalma mai yawa. A miƙa shi lafiyayye ga masu tattarawa da ke da rajista da EPRON, ƙungiyar da kamfanonin kayan lantarki suka kafa a 2018 don karɓar irin wannan kaya.