Filin Tambaya da Amsa: Na ɗaure motar gona a tirela, amma ta goce a hanya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ke kula da gonar masarar mahaifinmu a wajen Saminaka. Bara ya sayi wata 'yar motar shiga daji ta hannu, Polaris Ranger, mai ɗan bodi a baya, don zagaya gona da kai taki inda a-kori-kura ba ta iya shiga da damina. In ta samu matsala sai mun kawo ta Kano a kan ƙaramar tirela da Hilux ke ja. Zuwanmu na ƙarshe na sa ta a giya, na ɗaure ƙarfen rufinta da igiyar nailan ta kowane gefe, na tamke iya ƙarfina. Muna isa Tudun Wada na tarar igiya ɗaya tana reto, motar ta goce, tayar baya saura ƙiris ta sauka daga tirela. Direba ya ce ban iya ƙulli ba, ni kuwa na san na ƙulla. Ina kuskuren yake? Daga wani makaranci a Saminaka.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaya wa direbanku ya bar ƙullinka ya huta. Laifin yana wurin da ka ɗaure, sannan da abin da ka ɗaure da shi.

Gobe da safe ka je inda motar take, ka kama ƙarfen rufin nan ka rataya da nauyinka. Za ka ga ta dusa ƙasa, ka saki ta taso. Haka aka ƙera ta. Sifirin da shokazobarta masu laushi ne, dogaye, don ta haye kunya da kwazazzabo ba tare da ta karya wa mutum ƙugu ba. To a kan tirela ma ba ta daina wannan rawar. Duk ramin da tirela ta faɗa, jikin motar sai ya nutse, igiyar da ke rufi ta saki, jikin ya taso ya fizge ta. Daga Saminaka zuwa Tudun Wada, ta dajin Falgore, sau nawa aka yi wannan saki-fizga? Ita kuma nailan dama miƙewa take yi, balle ta sha ruwa. A kowane saki motar tana ɗan matsawa, har ta kai inda ka same ta.

Ni ma da hannuna na koya. Shekarun baya na ɗauko wa wani mai gona irin motar nan, tasa Kawasaki Mule ce, na sa bel mai ƙugiya a bamba na tamke har ina yaba kaina. Bayan magariba sai na riƙa jin wani ƙaras-ƙaras a baya. Na leƙa madubi, sai ga tartsatsin wuta a kan kwalta. Ƙugiyar ce ta zame lokacin da motar ta nutse, tana jan ƙasa. Bel bai tsinke ba, lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya riƙe da komai. Tun daga ranar na daina amfani da buɗaɗɗiyar ƙugiya, sai mai 'yar murfi da ke rufe bakinta.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a ɗaure tayu, a bar jiki ya yi rawarsa. Taya tana zaune a kan daɓen tirela, ba ta hawa ba ta sauka. Ka nemi bel ɗin ɗaurin kaya mai faɗin inci 2, irin mai hannun ƙarfe da ake ɗagawa ana saukewa yana tamkewa, guda 4, kowace taya da nata. Bel ya hau ta saman taya, ya sauka gaba da baya, ya kama zoben da ke daɓe dab da tayar. In tirelarku ba ta da zobba a daidai wurin, ka kai wa mai walda ya sa, amma ya kama ƙarfen gindin tirela, kada ya liƙa a falankin sama. Abu ɗaya da za ka lura: tayar motocin nan iskarta ba ta kai ta mota ba, tana lotsawa. Ka duba iska kafin ka tamke, don tayar da ke sacewa a hanya bel ɗinta ma sacewa yake yi.

In ɗaurin taya bai samu ba, ka leƙa ƙarƙashi ka kama casis ɗin kansa, can ƙasa, biyu a gaba biyu a baya. Littafin motar yana nuna wuraren da kamfani ya tanada. Na gaba su ja gaba da waje, na baya su ja baya da waje, ka tamke har motar ta ɗan durƙusa don ragowar rawar ta ragu. Kada ka kuskura ka kama tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ko sandar da ke juya taya, ko robar bamba, kuma ka kula kada bel ya danne tiyon birki. Wasu suna gicciya bel biyu na baya. Ni ba na yi, don in ɗaya ya saki, ɗayan shi zai ja motar gefe da kansa. Akwai direbobin da suka girme ni da ba su yarda da ni a nan ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Maganar giya da weji kuwa, ka sa su, amma kada ka dogara da su. A Amurka, inda motocin nan suka fi yawa, dokar masu dakon kaya ta ce ɗauri ya iya jure turin gaba da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya, da kashi 50 ta baya da ta gefe. Mu ce motarku kilo 700 ce. Ranar da akuya ta gifta direba ya taka birki, kusan kilo 560 ne zai nufi bayan Hilux ɗinku. Dokar tasu ta wajabta ɗauri aƙalla 2, gaba da baya, ga motar da ba ta wuce kilo 4,536 ba, kuma jimillar nauyin aikin bel ɗin, wato WLL da zan yi bayani a ƙasa, ta kai rabin nauyin kaya. Wannan mafi ƙaranci ke nan, a kan titunansu. A namu ni 4 nake sawa.

In za ka sayi bel, ka duba 'yar takardar da ke ɗinke a jikinsa. Mai kanti zai nuna maka babbar lamba, wato nauyin da bel ke tsinkewa a kai. Wadda ta dame ka ita ce ta kusa da haruffan WLL, nauyin aikin yau da kullum, galibi kashi ɗaya cikin uku na waccan. Wanda ba shi da takarda, ko gefensa ya fara zarewa, ka bar wa mai shi. Inda bel zai goga da kaifin ƙarfe ka sa masa guntun tsohuwar taya, jelar da ta rage kuma ka naɗe ta, kada iska ta kai ta cikin tayar tirela.

Sai wurin tsayuwa. Yawancin motocin nan injinsu yana ƙarƙashin kujera ko bodi, bayansu ya fi nauyi. Ka matsar da ita gaba har wajen kashi 60 na nauyin ya kasance gaban tayun tirela. In nauyi ya koma baya, tirela sai ta fara kaɗa jela da zarar an ɗauki gudu, ita ce ke kifar da mai ja da abin ja. Kuma kada a hau da mota sai an maƙala tirela a Hilux an ja hambirki, in ba haka ba wuyanta zai ɗaga sama.

Direbobin haya a Amurka doka ta sa su tsaya su duba ɗauri cikin kilomita 80 na farko. Ni ba na kaiwa haka. Kilomita 10 ko 15 nake tsayawa, in bi kowane bel in buga shi da yatsa kamar tsirkiyar gurmi. Wanda ya yi sanyi in ƙara masa.

Tambaya: Malam, tawa motar tana da winci a gaba, wato injin jawo mota da waya. In na maƙala wayarsa a wuyan tirela na tamke, bai isa ɗaurin gaba ba? Daga wani makaranci a Gombe.

Amsa: Bai isa ba, Alhaji. Winci don jawowa aka yi shi, a hankali. Fizgar hanya tana cinye haƙoransa da birkinsa, ranar da ka maƙale a taɓo kuma ya ƙi aiki. Ka jawo motar da shi in ta ƙi tashi, sannan ka naɗe wayarka ka sa bel. In tana da gilashin gaba, fuskarta ta kalli gaba, don iska ta baya tana iya ɓalle shi. Buhu, jarka da fartanya da ke bodi duk a sauke, a zare makulli a sa a aljihu.